Injin Feshin da Ban Wanke Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a duniya na manta da su, har da waɗanda a lokacinsu na ɗauka ba zan kai gobe ba. Amma abin da ya faru a lambunmu shekarar da dashen tumatir ya mutu, wannan kam ko na so mantawa ba zai sake ni ba. Na daɗe ina ba da labarin a karkace, in ce wai wani mutum ne ya yi kaza da kaza. Na gaji da wannan. Ni ne mutumin.

A unguwar Nima da ke Accra aka haife ni, a nan na girma, kuma kafin in san yadda ake riƙe fartanya kwandastan trotro ne ni, wato motar haya ta cikin gari. Shekara tara ina rataye a ƙofar mota ina kiran fasinja, har muryata ta dushe ba ta sake komawa daidai ba. Da mai motar ya sayar da ita, sai na wayi gari ba aiki, ga mata ga 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya. Ni kuwa mutum ne mai gaggawa, mai baki, wanda jira ke ci wa rai. A mota wannan hali ya yi mini rana. A lambu shi ya kai ni ya baro.

Lambun wani dogon fili ne a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen wata babbar kwata, tafiyar ƙafa daga unguwa. Filin ba na kowa ba ne a cikinmu, an dai bar mu muna nomawa. Mu wajen ashirin ne, yawanci daga Nima da Maamobi, kowa da nasa fangali, wato ɗan gadon ƙasar da ake shuka a kai. Muna yin latas da kabeji da albasa mai lawashi, da alayyafo, da lalo wanda matan kasuwa ke ce wa ayoyo. Bayan asuba za ka gan mu a bakin ramin ruwa, kowa da garwar ban ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu. Matan kasuwa su ke zuwa su sayi fangali sukutum, su cire ganyen da kansu, su ɗaure a buhu su nufi kasuwar Makola. Kuma ba a shiga lambun haka kawai. Sai wani na ciki ya tsaya maka, ya ce ya san ka, ya san gidanku.

Wanda ya tsaya mini wani tsoho ne ɗan Nijar, abokin mahaifina, da kowa ke kira Baba. Ya zo Accra tun ban zo duniya ba, kuma yana cikin waɗanda suka fara sare ciyawar wurin suka mai da shi lambu. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Kumasi, shi kuma yana zaune a wani ɗan ɗaki a Maamobi. Ya mai da ni abokin wasansa tun ranar farko. In ya ga ina zuba wa latas ruwa da ƙarfi sai ya ɗaga murya: "Kwandasta, wannan ba fasinja ba ne, ba a tura shi ciki da gwiwa!" Ni kuma in ce masa, "Baba, kai da ba ka ganin gabanka, ya aka yi ka gan ni?" Sai ya ce ai ƙarar ruwan ya ji.

Gaskiya ne idonsa ya yi yana, kuma ƙarfin ɗaukar garwa biyu ya ƙare masa. Don haka aka yi wani tsari tun kafin zuwana: mu za mu riƙa ba fangalinsa shida ruwa bi da bi, shi kuma ya riƙe wa kowa gadon yafi, inda ake rainon iri har ya isa dashe. Ba sadaka ake masa ba, kuma ya san haka. Babu wanda ya kai shi iya rainon dashe. Da tafin hannu yake sanin ƙasa ta sha ko ba ta sha ba, da yatsa yake gane ganyen da ƙwaro ya fara taɓawa. Wannan aiki shi ne abin da ya riƙe shi a lambun, shi ne kuma abin da ke tashe shi daga tabarma kowace safiya.

Muna da injin feshi na goyo guda biyu a wata rumfar kwano, na kowa da kowa. Ɗaya na maganin ciyawa ne, an ɗaura masa jan ƙyalle a igiya. Ɗayan na maganin ƙwari ne, shi muke ce wa mai tsarki. Doka ɗaya ce a lambun da ba ta da roƙo: duk wanda ya zuba maganin ciyawa a cikin mai tsarki, ya bar lambun. Baba ne da kansa ya kafa ta, tun wata shekara da kabejin mutum uku ya ƙone. Su magungunan kuwa ba a kwalbarsu ta asali muke sayensu ba. Tsiyayo mana ake yi a kasuwa cikin robar ruwa, ba rubutu ba komai, sai dai kowa ya yi wa murfin alamar da zai gane.

A shekarar da nake magana, mun haɗa hannu mun sayi irin tumatir mai kyau, muka lissafa lokaci don ya nuna cikin azumi, lokacin da kowane gida a Zongo ke neman tumatir da ganye. Baba ya yafa shi, ya yi masa rumfar ganyen kwakwa, ya tsare shi ba dare ba rana. Ya kai mako uku, ya yi kore shar, sauran 'yan kwanaki a raba wa kowa. Har masu lambun da ke gaba da mu suna zuwa kallo.

Ranar wata Juma'a da safe, matar da ke sayen latas ɗina ta zo dubawa. Ta tsaya a bakin fangalina ta ƙi shiga. "Ei, Masa, ciyawa ya yi yawa," in ji ta, Masa kuwa haka suke kiran kowane namiji. "Maciji ya cije ni a nan, wa zai duba yara na? Ka gyara, ko ni je wurin wani." Da gaskiyarta, ciyawar kiri-kiri ta cinye hanyoyin da ke tsakanin shukata, don na fi son ban ruwa da cirar ciyawa. Na je rumfa in ɗauki mai jan ƙyalle, na tarar wani ya tafi da shi can ƙarshen lambu. Na jira kaɗan. In faɗi gaskiya, ban jira abin da ya kai shan kofin koko ba. Mutane sun fara watsewa don shirin masallaci, Baba ma ya tafi. Na duba hagu na duba dama, na sauko da mai tsarki.

Na haɗa maganin, har na ƙara masa ƙarfi don kiri-kiri ba ya mutuwa da sauƙi. Na fesa hanyoyina tas. Na san yadda ake wanke injin: da garin sabulu, sau uku, kowane karo a buga ruwan ya fita ta bakin bututun har ya ƙare. Amma rana ta yi sama, ban yi wanka ba, kuma ba na son rasa huɗuba. Na zuba masa rabin garwa, na girgiza, na zubar, na rataye shi a wurinsa. Na ce in an sauko zan dawo in wanke shi yadda ya kamata. Da aka sauko sai wani abokina ya ja ni cin shinkafar suna a gidansu. Na tuna da injin ina tsakar cin abinci, na ce gobe da sassafe ma ta yi.

Washegari na makara. Da na iso, abin da na fara gani shi ne Baba yana fitowa daga wajen gadon yafi, mai tsarki goye a bayansa, yana tafe a hankali saboda nauyi. Ya ji takuna ya ce, "Kwandasta, yau motar ta lalace a hanya ne?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na tambaye shi me ya fesa, ya ce farin ƙuda ne ya fara sauka a kan tumatir, ya ba su abin karyawa.

A wannan lokacin maganin bai ko bushe a ganyen ba. Da na buɗe baki, da mun taru mu ashirin mun yi ta kwarara ruwa a kan dashen, wataƙila da an tsira da rabi, wataƙila fiye. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma na tuna dokar, na tuna ɗakinmu da yara biyu, na tuna shekara tara a ƙofar mota. Na ce wa kaina ai na ɗauraye shi, ɗan abin da ya rage ba zai yi komai ba. Na ɗauki garwata na nufi ramin ruwa. Ina kallo Baba ya zauna a bakin kwata ya wanke injin da sabulu sau uku, kamar yadda ya saba.

Kwana uku ban ga komai ba, har na fara samun barci. A rana ta huɗu kan dashen ya fara yin rawaya. A ta biyar ganyen ya nannaɗe, kara ya yi laushi. Kafin mako ya zagayo, gadon da ake zuwa kallo ya kwanta gaba ɗaya, ba ko ɗaya da ya tsaya. Na ga Baba durƙushe a gefensa yana bin ƙasar da hannu, yana ɗaga matattun tsiron ɗaya bayan ɗaya yana kai su hanci. Duk wanda ya yi shekara a lambu ya san wannan ba cuta ba ce. Maganin ciyawa ne.

Shugabanmu, wanda muke ce wa Ciyaman, ya tara mu a gindin mangwaro bayan azahar. Mutumin arewacin Ghana ne, ba mugu ba, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, don shi ya fi kowa sa rai a kan tumatirin. Ya tambayi wa ya taɓa mai tsarki a makon. Kowa ya ce ba shi ba. Da aka zo kaina na ce ba ni ba, kuma muryata ba ta ko girgiza ba. Har yau wannan na ba ni tsoron kaina. Aka sauko da injin aka sunsuna, ba warin komai sai sabulu. Sai wani daga baya ya ce, a hankali, ko dai Baba ne ya ɗauki robar da ba ita ba.

Baba ya ce, "Ni? Shekara nawa ina wannan aiki? Na yanka wa murfin robata tsaga biyu da wuƙa. Ba da ido nake aiki ba, da hannu nake yi da hanci."

Ciyaman ya shiga rumfa ya fito da roba biyu, ya ja baya kamar taku biyar, ya ɗaga su sama. "Baba, ka yi haƙuri. Wanne ne na ciyawa?"

Baba ya ɗaga kai ya ƙura ido. Ya daɗe. Ya ce a miƙo masa su a hannu. Ciyaman ya ce a'a, ya duba dai tukuna. Can Baba ya nuna ta hagu. Ta dama ce. Wani ya ja numfashi, wani ya ce innalillahi. Ciyaman ya sauke hannu ya ce, "Baba, mu duka mun san aikin ka. Amma ido ya tafi koraa, gaba ɗaya. Ba laifin ka ba ne, girma ne."

Ban taɓa ganin gwaji marar adalci irin wannan ba, kuma ina zaune taku uku daga tsohon, da amsar a bakina. Ba wanda ya ce a kore shi. Wasu ma cewa suka yi a karɓi gadon yafin kawai a bar masa fangalinsa, a ci gaba da ba su ruwa. Shi ne ya ƙi. Ya dafa gindin mangwaron ya miƙe, ya ce, "Ni na kafa dokar nan, kuma ban ce ban da tsofaffi ba. In ban riƙe muku yafi ba, a kan me za ku ɗauko mini ruwa? Ban zo Accra bara ba." Ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga rumfa ya ɗauki 'yar fartanyarsa da buta. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya ya ce, "Kwandasta, alayyafona ya kusa yanka, kar a bari ya yi fure." Na ce to, Baba.

Aka raba fangalinsa shida. Saboda shi ya kawo ni, kuma ina cikin masu ƙarancin wuri, sai aka ba ni biyu, har da na alayyafon. Wasu suka yi mini barka. Ni na yanke alayyafon nan da hannuna bayan kwana biyar, ganye manya-manya masu kauri, irin wanda ban taɓa iya fitarwa ba. Matar kasuwa ta yi ta yabo, tana cewa yanzu na zama manomi. Na kai wa matata dami ɗaya ta yi miya, na zauna a gaban kwanon, na ture shi gefe. Ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce eh.

Aka sake yafa wani iri, wani daga cikinmu ya riƙe, rabi ya fito rabi ya ƙi. Azumi ya zo ya wuce ba mu da tumatir ko ɗaya, muna kallon na wasu ana saukewa daga mota. Duk wanda ya tuna asarar sai ya ce, "Allah sarki Baba, tsufa ba shi da kyau." Ni ma ina gyaɗa kai tare da su. Wannan ne ya fi ci mini rai: ba zaginsa ake yi ba, tausayinsa ake ji, kuma da tausayin aka binne shekarun da ya yi yana aikin da ba wanda ya iya.

Sau biyu cikin azumin na nufi Maamobi da niyyar faɗa masa. Karo na farko na kai bakin lungunsu, na ji ana kiran la'asar, na fake da salla na juya. Karo na biyu na shiga har tsakar gidan. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, mata na ta girkin buɗa-baki, yara na guje-guje. Na hango shi a ƙofar ɗakinsa a kan benci, hannayensa a kan gwiwa, ba carbi ba rediyo, yana zaune kawai. Wata maƙwabciyarsa ta ce mini haka yake wuni tun da ya bar lambu, ko masallaci sai an riƙe masa hannu, shi da yake tafiya har lambu shi kaɗai. Na gaishe shi, muka yi hirar ruwa da taki, na ajiye masa latas na fito. Na ce wa kaina ba a ɗaga wa mai azumi hankali.

Sai bayan ƙaramar salla, da tumatirin yafi na biyu ya fara ja, na kasa daurewa. Na tsinki na farko da ya nuna a fangalin da yake nasa a da, na zuba a leda na tafi da hantsi. Na same shi a kan bencin nan. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ɗauki tumatir ɗaya ya juya shi a hannu, ya danna da babban yatsa, ya ce an cika masa ruwa, zai yi saurin ruɓewa. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, na zo da magana."

Na faɗa masa komai. Matar kasuwa, kiri-kiri, Juma'a, rabin garwa, shinkafar suna, da safiyar da na gan shi da injin na yi shiru. Ban rage ko ɗaya ba. Ina magana hawaye na zuba, ni da ban yi kuka a jana'izar mahaifina ba. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran ya tsine mini, kuma wallahi da ya yi da na ji sauƙi.

Sai na ji hannunsa a kaina. Dariya yake yi, 'yar ƙarama. Ya ce, "Kwandasta, kai yaron kirki ne, kamar ubanka. Wa ya aiko ka? Ciyaman?"

Na ce ba wanda ya aiko ni, gaskiya nake faɗa.

Ya ce, "Haba. Da kai ne, da ka faɗa a gindin mangwaro. Na san ka, bakinka ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ka ga na lalace a zaune, ka ce bari ka ɗauke mini kaya. Allah ya yi maka albarka. Amma kar ka yi wa kanka ƙarya don ka faranta wa tsoho."

Na rantse masa da Allah. Ya ce in daina rantsuwa a kan abin da bai kai ba. Sannan ya faɗi maganar da har yau ba ta bar kunnena ba. Ya ce da farko shi ma ya tabbata ba shi ba ne, har ya yi fushi da mu. Amma ya zauna a kan bencin nan wata da watanni yana maimaita safiyar a ransa, kuma yanzu ya tuna. Ya tuna hannunsa ya kai ga robar, ya ji murfin ba tsaga, ya ce wataƙila yatsansa ne ya mutu, ya zuba. "Ina ganin abin sarai," in ji shi, "kamar jiya aka yi."

Abin da bai taɓa faruwa ba yake ba ni labari, da dukkan zuciyarsa. Shirun da na yi ya ba shi wata huɗu shi kaɗai da zargi, har ya gina wa kansa laifin ya shiga ciki ya zauna. Na yi magana, na sake yi, na kawo masa rana da lokaci. Yana ta gyaɗa kai yana shafa kaina, irin yadda ake yi wa wanda ake lallashi. Daga ƙarshe ya ce in tashi in koma, rana na yi, latas ba ya jira.

Daga can lambu na wuce kai tsaye, na sami Ciyaman yana ɗaure tumatir a jikin sanda. Na faɗa masa. Shi kam ya yarda nan take, na gani a fuskarsa. Ya saki igiyar da ke hannunsa ya ce, "Kai, ka kashe mutum yana da rai." Aka sake taruwa a gindin mangwaro, na maimaita a gaban kowa, wani ya tashi zai mare ni aka riƙe shi. Dokar ta hau kaina kamar yadda ya kamata ta hau tun farko, na bar lambun a ranar, ban roƙi kowa ba. Ciyaman da mutum uku suka tafi Maamobi su ba Baba haƙuri, su ce ya dawo ga yafinsa ga fangalinsa.

Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwa. Ya ce ya gode da wannan shiri da suka yi don su mutunta shi, amma ba zai sake kashe wa mutane iri ba. Da suka ce masa har an kore ni, sai ransa ya ɓaci, ya ce wannan wasa ya yi nisa, su mai da yaron mutane wurinsa, yana da iyali. Suka yi juyin duniya ya ƙi. Ko da ya yarda ma, Ciyaman ya gaya mini daga baya, ƙafafunsa ba za su ƙara kai shi lambu ba, zaman ya riga ya cinye su.

Kafin babbar salla 'yarsa ta zo ta tafi da shi Kumasi. Ban samu na yi masa sallama ba, sai maƙwabciyar ce ta ce ya bar mini saƙo, wai in rage gaggawa wajen ban ruwa. Bai cika shekara a can ba aka aiko cewa ya rasu. Na je gaisuwa. 'Yar ta karɓe ni hannu biyu, ta ce ya sha ambatona. Ta ce har kwanakinsa na ƙarshe yana roƙon Allah ya yafe masa dashen mutane da ya ƙona.

Yanzu ina tura baro a kasuwar Nima, wani lokaci ma buhunan ganyen lambun nake ɗauka. Na roƙi gafarar Allah, kuma ina sa rai. Amma gafarar Baba ban same ta ba, ba don ya hana ni ba, sai don har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda akwai abin da zai yafe mini ba. Da ina ɗauka gaskiya ajiya ce, duk ranar da mutum ya shirya sai ya ɗauko ya miƙa, a karɓa. Ba haka ba ne. Abin da na koya, kuma na koye shi a kan ran wani, shi ne gaskiya tana da lokacinta. In ka yi kuskure, ka faɗa tun wanda abin zai faɗa wa yana da ƙarfin yarda da kansa. In ka bari ya wuce nan, za ka iya zuwa da ita har ƙofar ɗakinsa, ka durƙusa, ka rantse, ka tashi da abinka.